Idan dangi suka matsa miki ki je a rage miki tumbi

A bikin ƙanwata Gwaggo ta ja ni gefe, ta ce, "'Yar nan, kin ga 'yar maƙwabciyarmu? Masar ta je aka yi mata aikin rage ƙiba, ta dawo kamar budurwa. Ki daure, tun mijinki bai fara waige-waige ba." Ita ce fa ta dinga ɗura min kunun gyaɗa da madara gab da aurena, wai kada dangin miji su ce ba a ciyar da ni. Daga ranar bikin ƙanwar tawa na daina shiga hoto, na yi wata uku ban leƙa gidan suna ba. Ga yadda na fita daga wannan hali, ko zai yi miki amfani.

Ki fara da lissafi, domin ido ba ma'auni ba ne. Likitoci na duba ma'aunin ƙiba da suke kira BMI: ki ninka tsayinki na mita da kansa, ki raba nauyinki na kilo da abin da ya fito. Tsayina mita 1.6, nauyina kilo 98, sai ya ba ni 38. Ƙa'idar da aka fitar a Amurka a 1991 ta ce ana maganar tiyata daga 40, ko daga 35 idan akwai ciwo irin suga ko hawan jini. A 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon suga. Ashe ina cikin waɗanda za a iya yi wa. Hakan bai ba Gwaggo gaskiya ba, ya dai nuna maganar ta ɗakin likita ce.

Ki je wajen likitan da ba shi da riba a aikin, ba dillalin da ke turo hotunan "kafin da bayan" a WhatsApp ba. Ki rubuta tambayoyinki a takarda, don kunya kan sa a manta. A aikin da ya fi yawa yanzu, ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, wato jakar da abinci ke sauka a cikinta, a bar shi siriri kamar ayaba, kuma abin da aka cire ba ya dawowa. Makonnin farko ruwa-ruwa za ki sha. Bayan nan loma kaɗan ta ishe ki, ba a haɗa ci da shan ruwa, ga ƙwayoyin bitamin B12 da na ƙarin jini har ƙarshen rayuwa. Ana son a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Ki tambayi yadda azumi zai kasance, da wanda zai duba ki idan matsala ta taso bayan kin dawo gida. Fatar da ke saki bayan an rame kuwa, masu talla ba sa nuna ta.

Akwai tambayar da na yi wa kaina da daddare: da a ce babu mai ganina, zan so aikin nan? Gwiwata na ciwo, wannan damuwata ce. Tsoron kishiya kuwa Gwaggo ce ta ɗora min, kuma wuƙar likita ba ta yanke shi.

Ki tanadi amsa ɗaya gajera, ki riƙa maimaita ta. Tawa ita ce, "Na gode Gwaggo, ina ganin likita, a taya ni da addu'a." Kada ki shiga bayani, ƙofa kike buɗewa. Ga sa'anninki masu tsokana kuwa, "Wannan ba hirar biki ba ce" ta wadatar.

Sannan ki fito da atamfar nan da kika ɓoye sai kin rame. Tawa shekara biyu tana ƙasan akwati. Na kai wa tela ya auna ni yadda nake, na saka ta ranar sunan ɗan ƙanwata, na tsaya a tsakiyar hoto. Ban yanke shawarar tiyatar ba tukuna. Wata mai zuwa zan koma a sake auna min suga.