Kurakuran da ke cinye kuɗin mai ƙaramin guzuri a birnin Rum

Birnin Rum na ƙasar Italiya yana cikin manyan biranen Turai da mai ƙaramin guzuri zai iya gani har ya ƙoshi, domin yawancin abin da ake zuwa kallo a fili yake: dandali, maɓuɓɓugan ruwa, kufayi da tsofaffin gine-gine. Abin da ke tatike aljihun baƙo shi ne ƙananan ƙa'idojin da mazauna garin suka sani, shi kuwa babu wanda ya gaya masa. Farashin da za mu ambata yakan sauya, don haka a sake dubawa kafin tafiya.

Kuskuren yakan faro tun daga gida, wajen neman bizar Schengen, wadda ake shiga Italiya da wasu ƙasashen Turai da dama da ita. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba, kuma idan aka hana ka ba a mayar da ko sisi. Ana bukatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000 wadda ke aiki a dukkan ƙasashen yankin, da fasfon da zai ƙara wata 3 yana aiki bayan ranar da za ka fito, mai shafi 2 da ba a taɓa ba. Ana karɓar takardu tun saura wata 6 a yi tafiya, amma mutane kan jira sai ya rage sati biyu, ga shi sun riga sun sayi tikitin jirgin da ba a mayar da kuɗinsa. Wasu kuma sukan nemi bizar a ofishin jakadancin wata ƙasa don sun ji an ce ta fi sauƙin bayarwa. Ƙa'idar ita ce a nema daga ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. Ka kuma buga shaidar masauki da tikitin dawowa a takarda, domin jami'in shige da fice yana da ikon tambayarsu, kuma lokacin ne cajin waya ya fi ƙarewa.

Da ka fito daga filin jirgin Fiumicino, za ka iya cin karo da wani ya tare ka yana cewa tasi. Kada ka bi shi. Tasin da hukuma ta sani fara ce, tana jira a layi a waje, da tambarin birnin da lambar lasisi a jikin ƙofa, kuma kuɗin zuwa cikin tsohuwar ganuwar gari ƙayyadadde ne, yuro 55 har da kaya. Ga mutum huɗu wannan ba laifi. Mai tafiya shi kaɗai kuwa yana da hanyoyi masu sauƙi. Jirgin ƙasa na Leonardo Express yana kai wa Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin, cikin minti 32 a kan yuro 14. Akwai wani jirgin, FL1, a kan yuro 8, sai dai a nan ake tafka kuskure: ba ya bi ta Termini. Yana tsayawa a Trastevere da Ostiense da Tiburtina, don haka ka fara duba wace tasha ce ta fi kusa da masaukinka. Manyan bas-bas na kamfanoni sun fi duka biyun araha, amma cunkoso yakan riƙe su sa'a guda ko fiye. Wanda ya sauka a Ciampino, inda jiragen kamfanoni masu araha suka fi sauka, zai iya hawa bas mai lamba 720 zuwa tashar Laurentina da tikitin gari na yau da kullum.

Wannan tikitin na gari shi ya fi jawo wa baƙi tara, don haka bari mu tsaya a kansa. Yuro 1.50 ne, yana aiki minti 100 a bas da taragon kan titi, amma sau ɗaya kawai ake shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da shi. Direba ba ya sayarwa. Ana saye a na'urorin tasha, ko wurin masu jarida, ko shagunan taba masu babban harafin T a bakin ƙofa. Sayen tikitin kaɗai bai wadatar ba. Da zarar ka shiga bas, sai ka zura shi cikin 'yar na'urar da ke maƙale a jikin ƙarfe, ka ji ta yi ƙara, ka zaro ka ga ta buga kwanan wata da lokaci. Tikitin da ba a buga ba daidai yake da babu a wurin masu bincike, tarar kuma ta haura yuro 50. Baƙo yakan ga 'yan gari sun shiga sun zauna ba su buga komai ba, sai ya ɗauka haka ake yi, alhali su katin wata ko na shekara ne a aljihunsu. Haka nan tikitin takarda na ƙananan jiragen ƙasa, sai an buga shi a na'urar bakin dandamali kafin a hau. Idan da katin banki za ka taɓa na'ura ka biya, kowane mutum da nasa katin, kuma da shi ɗin za ka sake taɓawa in ka sauya mota.

Kishiyar wannan kuskuren shi ne sayen tikitin kwana 3 ko na mako ba tare da lissafi ba. Tsakiyar Rum da ƙafa ake cin ta. Daga Pantheon, tsohon ginin bautar Rumawa, zuwa dandalin Navona minti 5 ne, zuwa maɓuɓɓugar Trevi bai kai minti 10 ba, zuwa Colosseo, tsohon filin wasan Rumawa, kuma kamar minti 25. Wanda ba ya hawa mota fiye da sau 2 ko 3 a rana, tikitin ɗaiɗai ya fi masa.

Wajen masauki, araha ba ta ado. Gado mai arha a bayan gari yakan koma tsada idan aka haɗa da kuɗin mota da sa'o'in da za a ɓata, ballantana jirgin ƙarƙashin ƙasa yana tsayawa da ƙarfe 11:30 na dare, in ban da Juma'a da Asabar da yake kaiwa 1:30. Ka nemi wurin da ke kusa da tashar layin A ko B na wannan jirgin. Unguwannin da ke kewaye da Termini, da San Lorenzo, da Ostiense, suna da masaukan haɗaka da yawa. Ka tambaya ko farashin ya haɗa da harajin kwana da birnin ke karɓa a kan kowane mutum kowane dare, domin sau da yawa daban ake biyansa a teburin karɓar baƙi. Ka zo da kwaɗonka na kulle akwatin ajiya da tawul, don wasu wuraren haya suke bayarwa. Mata su sani cewa masaukai da yawa suna da ɗakin mata zalla, amma sai an zaɓa tun wajen kama gado. Wanda ya taso daga Najeriya ko Ghana ya sayi mahaɗin soket tun a gida, saboda cajarmu mai ƙafa uku masu kusurwa ba ta shiga soket ɗin Italiya mai zagayayyun ramuka.

A wuraren kallo, babban asara ita ce zuwa babu tikiti. Colosseo, wanda aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya, yana da tikitin yuro 18 da ya haɗa da kufan tsohuwar kasuwa da majalisar Rumawa da tudun Palatino. Tikitin yana ɗauke da sunanka da lokacin shigarka, kuma ana gwada sunan da fasfo, don haka wanda aka saya da sunan wani ba zai yi maka amfani ba. A shafin hukumar wurin ake samun farashin gaskiya. Shafukan da ke fara fitowa a bincike galibi na dillalai ne, su ma masu tare mutane a bakin tasha suna alkawarin shiga babu layi kuɗi ne kawai suke ninkawa, kuma layin binciken jami'an tsaro kowa sai ya bi shi. Ba a shiga da babbar jakar goyo, babu kuma wurin ajiya a can. Ka bar ta a masauki ko a ma'ajiyar kaya ta Termini.

Ranakun kyauta suna da amfani, amma a san abin da ake shiga. Gidajen tarihi na gwamnatin Italiya kyauta ne ranar Lahadin farko ta kowane wata. Na Vatican kuwa Lahadin ƙarshe ce, sauran Lahadin a rufe suke, kuma layin ranar yakan zagaye katanga tun da sassafe. Katin Roma Pass, wanda baƙi ke saye don shiga wuraren kallo da hawa mota, bai haɗa da Vatican ba, abin da mutane da yawa ba sa ganewa sai sun saya. Majami'ar San Pietro da ke Vatican kyauta ake shiga, Pantheon kuma tun 2023 ake biyan kuɗin shiga, an fara da yuro 5, kuma a duka biyun sai an rufe kafaɗu da gwiwoyi. Zama a kan matattakalar dandalin Spagna haramun ne tun 2019, haka tsoma ƙafa a maɓuɓɓugan tarihi, kuma ana cin tara mai nauyi a kai.

Ruwan sha kuwa, sayensa a Rum asarar kuɗi ce tsagwaronta. Akwai famfunan ƙarfe sama da 2,000 a tituna, ana kiransu nasoni, tun 1874 aka fara kafa su, suna zuba dare da rana da ruwa mai sanyi mai tsabta. Ka riƙe gorarka kana cikawa. In babu gora, toshe bakin famfon da yatsa, ruwan zai yi tsartuwa sama ta wani ɗan rami da ke saman bututun, ka sha a tsaye. Inda aka rubuta non potabile, wato ba na sha ba, kaɗai za ka guje wa.

Gidan abincin da ke fuskantar wurin kallo, mai hotunan abinci a bakin ƙofa da yaro yana kiran masu wucewa, shi ne mafi tsada kuma ba shi ne mafi daɗi ba. Shiga lungu biyu ko uku sai ka ga farashi ya faɗo. A shagon kofi farashi biyu ne: na tsaye a bakin kanta da na zama a tebur, kuma na biyun yana iya ninka na farkon. Ana biya a wurin mai karɓar kuɗi, a kai rasit ga mai haɗawa. Fizar da ake yankawa da almakashi da awo ake sayar da ita, don haka ka nuna girman da kake so da hannu kafin a yanka. Ka kula da kalmar etto a jerin abinci, musamman a kan kifi da nama: farashin giram 100 ne, ba na faranti ba. Burodin da aka ajiye maka a tebur ma yakan fito a lissafi.

Ga Musulmi akwai kuskuren da ya fi na kuɗi ciwo. Uku daga cikin fitattun taliyar Rum, wato carbonara da amatriciana da gricia, da naman kumatun alade ake yin su, wanda suke kira guanciale, kuma sau da yawa ba ya fitowa a sunan abincin. Haka pancetta, prosciutto, mortadella, salame da porchetta. Ana kuma sa kitsen alade, strutto, a wasu burodi da kayan gashi, ana zuba giya a wasu miya. Cacio e pepe cuku ne da masoro kawai, fizar margherita da marinara su ma babu nama. Ka riƙe jimlar senza maiale, wato babu alade, ka kuma tambaya kafin a kawo. Kasuwar Esquilino da ke kusa da dandalin Vittorio, tafiyar ƙafa daga Termini, tana da mahautan halal da doya da kuɓewa da barkono da shinkafa iri-iri. Wanda masaukinsa ke da kicin, cefanen rana ɗaya a can zai riƙe shi kwanaki. Babban Masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995, yana arewacin gari, ana hawa ƙaramin jirgin ƙasa daga tashar Flaminio a sauka a tashar Campi Sportivi. Mai son Juma'a a can ya fita da wuri.

Idan na'urar cirar kuɗi ko ta biya ta tambaye ka ko ta yi lissafi da kuɗin ƙasarka ko da dala, ka zaɓi yuro, domin canjin da take yi da kanta yana da tsada. Ka yi amfani da na'urar da ke jikin banki, ba ta bakin shagon tsaraba ba. Ka tabbatar tun daga gida cewa katinka yana aiki a waje, ka san iyakar abin da yake bari a kashe, ka kuma riƙe tsabar yuro a wuri biyu daban. Wanda ya shigo da tsabar da ta kai yuro 10,000 dole ya bayyana wa kwastan.

'Yan sane sun fi aiki a bas 64 da ke tsakanin Termini da Vatican, da cikin jirgin layin A, musamman a daidai ƙofa lokacin turereniyar shiga. Jakar goyo ta dawo gaba, waya kada ta kwana a aljihun baya ko kan tebur. Wanda ya miƙo maka fure ko ya nemi ɗaura maka zare a hannu yana cewa kyauta ne, kuɗi zai nema, kada ka karɓa. Sayen jabun jaka ko tabarau a bakin titi laifi ne da ake cin mai saye tara a kai. Doka ta ce baƙo ya riƙe fasfonsa, don haka ka sa shi a jakar ciki ƙarƙashin riga, ka bar kwafi a masauki da kuma cikin imel. In ya ɓace, fara da ofishin 'yan sanda ka karɓi takardar rahoto, sannan ofishin jakadancin ƙasarka. Lambar gaggawa 112 ce.

Yuli da Agusta zafi ne da cunkoso, kuma wajen 15 ga Agusta ƙananan shaguna da yawa sukan rufe don hutu. Titunan tsakiyar gari an daɓe su da ƙananan baƙaƙen duwatsu masu santsi in an yi ruwa, suna karya tayar akwati suna kuma cin ƙafar mai sabon takalmi, don haka ka zo da wanda ƙafarka ta saba da shi. Yajin aikin ma'aikatan sufuri yakan faɗo, galibi ranar Juma'a, kuma ana sanar da shi tun kafin lokaci. Ka nemi kalmar sciopero, wato yajin aiki, tare da ranar tashin jirginka kwana biyu kafin ta zo, in ka ga ta dace da ita, ka kama bas na kamfani zuwa filin jirgi ka fita da ƙarin sa'a biyu.