Kafin ka yarda cewa babban batirin Prius ɗinka ya mutu

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, motocin haibirid, masu haɗa injin fetur da babban batir, suka yawaita a garejinmu, akasarinsu tsofaffin Prius na 2004 zuwa 2009 da suka sha hanya a Amurka ko Turai kafin su sauka Kwatano. Kukan masu su kusan ɗaya ne: "Malam, ta fara shan mai, kuma an ce min babban batir ne." Wani lokaci shi ɗin ne. Amma yana yi mini ciwo in ga magidanci ya tattara kuɗin da zai ciyar da gidansa wata da watanni ya sayi batir, alhali ciwon yana wani wuri.

Fara da auna man da hannunka, kada ka dogara da allon mota kawai. Cika tanki, rubuta lambar mita, yi zirga-zirgarka, sake cikawa a famfon da ka sha na farko, sannan ka raba tafiyar da litocin da suka shiga. Ka maimaita sau uku ko huɗu, domin 'yar Amurka ta waɗannan shekaru tana da jakar roba a cikin tanki, ba kullum take ɗaukar mai daidai ba. In mitar da mil take ƙirga, ninka da 1.6. Tana sabuwa, gwajin Amurka ya ba ta kusan kilomita 19 zuwa 20 a lita. A zafin Afrilu, ga esi a kunne ga cunkoso, dole ta gaza haka ko lafiyarta ƙalau.

Sai abubuwan da kowace mota ke da su: iskar taya (35 gaba, 33 baya), matatar iska, fulogi, burkin da ke riƙewa, da baƙin mai. Injin 5W-30 yake so. Mai kaurin da ake ɗura wa tsofaffin bas-bas nauyi yake ƙara masa.

Daga nan ka buɗe but ka duba ƙaramin batir mai 12V da ke kusurwar dama. Shi ne mai yaudara. A mota ta yau da kullum, in batir ya yi sanyi za ka ji kik yana ja da ƙyar. A Prius ba shi ke murza injin ba, kwamfutocin motar kawai yake tayarwa, don haka yakan lalace shiru, sai dai ka ga fitilun gargaɗi barkatai. Auna shi da safe kafin a kunna: 12.4 zuwa 12.6 lafiya ne, ƙasa da 12 ya gaji. In ka kunna ta, kalmar READY ta fito a allo, ya kamata ka ga wajen 14.

Yanzu ga inda nake so ka natsu. Babban batirin yana bayan kujerar baya, kuma da iskar cikin mota ake sanyaya shi. A gefen kujerar, ta hannun dama, akwai 'yar taga mai raga. Ta nan fanka ke zuƙar iska. Mu kuwa mutum huɗu muke jerawa a baya, gefen babbar riga ko mayafi ya rufe tagar ruf, ba wanda ya lura. Ga ƙurar hunturu. In na kwance fankar nan, abin da nake tararwa dunƙulen ja ne na ƙura da zare da gashi, ya cike tsakanin fukafukanta har sai na sa tsinke da buroshi kafin in ga robar. Batirin da ya yi zafi, kwamfuta kan rage aiki da shi don kada ya ƙone, sai injin ya ɗauki nauyin duka, mai ya tafi. In kana jin fankar na kuka da ƙarfi daga baya kusan kullum, wanke ta tukuna, ka yi mako guda kana lura.

In duk wannan bai canza komai ba, sai a tuhumi batirin kansa. Alamarsa ta farko tana kan allo: sandunan caji takwas ne, lafiyayyen batir yakan zauna a tsakiya, yana hawa yana sauka a hankali. Gajiyayye kan cika har kore a ɗan gangare, ya faɗo zuwa sanda biyu kafin ka wuce danja ɗaya, kamar randar da laka ta cinye cikinta: guga ɗaya ta cika, moɗa biyu ta ƙare. Injin kuma ya ƙi hutawa ko kana tsaye.

Kada ka tsaya a kan alama. Sayi 'yar na'urar OBD2 mai karanta kwamfutar mota ta haɗu da waya, ka soka ta a ƙarƙashin sitiyari, ka sauke manhajar Dr. Prius ko Hybrid Assistant. Batirin faifai 28 ne a jere, kowanne 7.2V, jimilla 201.6V, kuma kwamfuta tana karanta su biyu-biyu, rukuni 14. Abin da kake nema shi ne bambancin da ke tsakaninsu. A tsaye duk za su yi kama da juna, shi ya sa mai sayar da batir ke son gwada maka da mita a kan tebur. Gwajin gaskiya sai an ɗora masa kaya: wani ya tuƙa, ya taka totur da ƙarfi a hawa, kai kana kallon waya. Rukunin da ke faɗuwa ƙasa da 'yan'uwansa in an taka, ya kuma zarce su in an taka burki, shi ne mara lafiya. In tazarar ta kai wajen 1.2V, ƙwaya ɗaya ta mutu a ciki, domin kowane faifai ƙwayoyi shida ne masu 1.2V. A cikin lambobin matsala da manhajar ke nunawa, P0A80 hukuncin batir ce, P3011 zuwa P3024 kuma suna nuna rukunin. Amma P0A93 galibi famfon ruwan sanyaya inbata ne (na'urar da ke sarrafa wutar babban batir), ba laifin batir ba. P0AA6 kuwa yoyon wuta ne, kuma kafin a zargi batir a tambaya ko an taɓa gyaran esi: kwamfuresarta da wutar babban batir take aiki, man ND-11 kaɗai take karɓa, kuma masu ɗura gas da yawa ba su san haka ba.

Buɗe batirin ba aikin gida ba ne, ina roƙonka. Duk wayar wuta mai launin ruwan lemo kisa take yi. Mai gyara zai sa safar hannu ta masu aikin lantarki, ya zare filogin tsaro da ke yanke wutar batirin, ya jira minti 10, kuma ko bayan haka faifan suna ɗauke da wuta. Ka tsaya a kansa ka ga ƙananan farantan tagullar da ke haɗa faifan. Sau da yawa za ka same su sun yi kore da fari saboda tsatsa, kuma wanke su kaɗai kan gyara karatun wani rukunin.

Canza faifai ɗaya ko biyu yana tayar da mota, ba na hana mai ƙaramin ƙarfi. Sai dai a gaya masa gaskiya: sauran tsararrakin wanda ya mutu ne, wani zai biyo baya, kuma in ba a daidaita cajin sabon da na tsofaffin ba, fitilar ba za ta daɗe ba ta dawo. In za ka sayi cikakken batir na hannu, sharaɗinka shi ne a ɗaura shi a motarka, a hau titi da waya a hannu, sannan a yi maganar kuɗi. Bayan gyara, nemi inuwa wajen ajiye ta, kada ta yi makonni ba a kunna ba, kuma a cunkoso kada ka bar giya a N, domin a N injin ba ya cajin batirin.