Yadda ake bin salsalar sarautar gado ta Sikotlan: misali daga gidan Sutherland

A yau akwai mai riƙe da sarautar Earl na Sutherland, akwai kuma mai riƙe da ta Duke na Sutherland, kuma ba mutum ɗaya ba ne. Na farko sunan gidansa Sutherland, na biyu kuwa Egerton. Alhali daga 1839 zuwa 1963 mutum ɗaya ne yake haɗa sarautun biyu. Duk wanda ya gane abin da ya raba su a wannan shekarar ya kama bakin zaren binciken kowace sarautar gado ta Sikotlan, shi ya sa zan riƙa kafa misali da wannan gida a kowane mataki.

Mataki na farko: tantance wace irin sarauta ce

Sarautun da aka naɗa kafin 1 ga Mayu 1707, ranar da Sikotlan da Ingila suka haɗe suka zama Birtaniya, su kaɗai doka ta sani a matsayin sarautun Sikotlan. Darajarsu hawa biyar ce: Duke, sai Marquess, sai Earl, sai Viscount, sai Lord na majalisa. Duk wadda aka naɗa bayan wannan rana ta Birtaniya ce, ko da sunan wani tsauni ko kwarin Sikotlan take ɗauke da shi.

Earl na Sutherland ta samo asali ne tun wajajen shekarun 1230, zamanin Sarki Alexander na II. Wanda ya fara riƙe ta shi ne William, daga tsatson wani Freskin da ake kyautata zaton mutumin Flanders ne, wanda ya samu ƙasa a yankin Moray a zamanin Sarki David na I. Ita kuwa Duke na Sutherland ta jiya-jiya ce. Sarki William na IV ne ya ƙirƙire ta a 1833, saboda haka ba ta cikin jerin sarautun Sikotlan ko kaɗan.

Kada laƙabin baron ya rikita ka. A Ingila baron daraja ce daidai da Lord na majalisa, amma a Sikotlan tsohon laƙabi ne na mai mallakar wata ƙasa, kuma tun 2004 da aka soke tsohon tsarin mallakar ƙasa ana iya sayar da laƙabin shi kaɗai. Masu tallan taki ɗaya na fili a intanet, suna cewa da ka saya ka zama Lord, kasuwarsu kawai suke ci. Babu wata hukuma a Edinbara da ta san da wannan sarauta.

Mataki na biyu: nemo ƙa'idar gadon

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawan masu bincike suke yin gaggawa. A masarautunmu, idan sarki ya rasu masu zaɓen sarki ne suke zama su duba 'ya'yan gidan su fitar da wanda ya dace. A Sikotlan babu zaɓe. Kowace sarauta tana da nata sharaɗin gado da aka rubuta ranar naɗi, kuma wannan sharaɗi shi ke nuna magaji, ko da jariri ne a zanen goyo, ko da manomi ne a Ostareliya da bai taɓa taka ƙasar ba.

Sharuɗɗan da za ka fi cin karo da su uku ne. Wata sarautar ta 'ya'ya maza ce da suka fito daga tsatson wanda aka fara naɗawa, in suka ƙare ta mutu. Wata tana iya komawa ga kowane namiji na ɓangaren uba, ko da dangantakar ta yi nisa. Wata kuma ta magada ce baki ɗaya, maza da mata, sai dai namiji yana gaban 'yar'uwarsa. A Ingila idan 'ya'ya mata biyu ko uku suka rage, sarautar takan tsaya cak a tsakaninsu. A Sikotlan babbarsu ce take ɗauka kai tsaye. Wannan ne ya sa tsofaffin sarautun ƙasar suka yi ta tsallakawa daga wannan gida zuwa wancan ta hanyar aure.

Akwai kuma wata al'ada da za ta iya ɓatar da kai. Kafin 1707, mai sarauta yana iya mayar da ita hannun sarki, sarki ya sake ba shi ita da sabon sharaɗi. Haka Duke na Queensberry ya yi a 1706. Da jikan ƙanensa, Duke na 4, ya rasu a 1810 ba ɗa, sai sarautar Duke ta bi sabon sharaɗin ta tafi gidan Buccleuch, ta Marquess kuma ta bi tsohon ta faɗa hannun wani Douglas na Kelhead. Don haka kada ka tsaya a takardar farko. Duba ko an sake wata a bayanta.

Tsofaffin sarautu irin Sutherland takardar naɗinsu ma ba ta wanzu. A irin wannan hali ana gane sharaɗin ne daga yadda sarautar ta riƙa sauka a baya.

Mataki na uku: jera masu sarautar, ka yi alama a duk inda layin ya karye

Ɗauki takarda ka rubuta sunan kowane mai sarauta, shekarar da ya hau, shekarar da ya rasu, da dangantakarsa da wanda ya gada. Inda ɗa ya gaji uba, wuce da sauri. Inda ka ga ƙane, ko 'ya, ko ɗan'uwa na nesa, ko sunan gida ya canza, tsaya ka zauna.

A Sutherland wuraren tsayawa uku ne. Na farko 1514, lokacin da John, Earl na 9, ya rasu ba magaji. 'Yar'uwarsa Elizabeth ce ta gaje shi, mijinta kuwa Adam Gordon ne, ɗan Earl na Huntly. Daga nan sarautar ta koma hannun Gordon kusan shekara ɗari biyu, har wani jikansu, John, ya ajiye sunan Gordon ya koma amsa Sutherland. Wanda ya dogara da sunan gida kaɗai zai ɗauka jinin maza bai taɓa yankewa ba tun daga Freskin.

Na biyu 1766. Earl William da matarsa suka kwanta zazzaɓi a garin Bath na Ingila, suka rasu cikin wata guda, suka bar 'ya guda mai shekara ɗaya, ita ma Elizabeth. A 1785 ta auri George Granville Leveson-Gower, attajirin Ingila wanda daga baya ya zama Marquess na Stafford, kuma shi ne aka naɗa Duke a 1833, watanni kaɗan kafin rasuwarsa. Ɗansu ya gaji Duke daga uba, ya gaji Earl daga uwa da ta rasu a 1839.

Na uku 1963, da Duke na 5 ya rasu bai bar ɗa ba. Sarautar Duke ta maza ce zalla, sai ta bi layin maza har ta iske John Egerton, Earl na Ellesmere, wanda kakan-kakansa ƙaramin ɗan Duke na farko ne. Sarautar Earl kuwa ta tafi wurin 'yar ƙanensa, Elizabeth ta uku a wannan labari, tare da fadar Dunrobin mai ɗaki 189 kusa da Golspie. Ita ta riƙe har rasuwarta a 2019, ɗanta Alistair ya hau a matsayin Earl na 25. Tagwaye ne shi da ɗan'uwansa, kuma riga fitowa duniya ce ta ba shi.

Lambobin nan na 9 da na 25 ka riƙe su da sassauci, don littattafai sukan saɓa da ɗaya ko biyu, gwargwadon wanda suka ƙirga da wanda suka tsallake. Shekarar rasuwa ta fi lamba amfani wajen bambance John da John.

Mataki na huɗu: karanta littattafan nasaba, amma ka san wa ya rubuta

Fara da The Scots Peerage, mujalladi tara da Sir James Balfour Paul ya tace tsakanin 1904 da 1914. Ana samun sa kyauta a intanet, kuma kusan kowace magana a cikinsa an nuna takardar da aka ciro ta. Sai ka gwada shi da The Complete Peerage. Littattafan nasaba na Burke da Debrett suna da amfani ga zuri'ar baya-bayan nan, amma tsofaffin bugunsu sun kwashi abin da gidajen suka faɗa game da kansu ba tare da tacewa ba.

Tarihin da ɗan gida ya rubuta shi ya fi daɗin karatu, shi ya fi kuma bukatar taka-tsantsan. Sir Robert Gordon ya rubuta tarihin Sutherland wajajen 1630, aka buga shi a 1813. A cikinsa ne za ka karanta labarin Alexander, ɗan'uban Elizabeth ta farko, wanda ya yi da'awar sarautar, ya ɗauki makami, aka kama shi aka sare kansa aka kafa a saman Dunrobin. Sir Robert ya ce ɗan gaba da Fatiha ne. To amma Sir Robert jinin Adam Gordon ne, kuma halaccin gidansu duka ya rataya ne a kan wannan magana. A ganina, duk inda irin wannan marubuci ya zagi abokin takarar kakansa, sai ka nemi shaida ta biyu. Haka shi ma The Sutherland Book na Sir William Fraser, na 1892, don gidan aka yi shi. Amfaninsa shi ne ya kwafo tsofaffin takardun da kansu.

Mataki na biyar: koma ga takardun asali

Yawancinsu suna ma'adanar tarihi ta ƙasa a Edinbara. Rajistar Babban Hatimi ita ce ta ƙunshi kyautar ƙasa da sarki ya yi, kuma an buga ta daga 1306 zuwa 1668. Akwai takardun tabbatar da magaji, inda akan tara dattawan yanki su rantse cewa wane ne mafi kusanci ga mamaci ta hanyar aure na halal. Ga mai bin nasaba babu kamarsu, don suna faɗin dangantakar ƙarara. Rajistar mallakar filaye ta fara a 1617. Takardun gidan Sutherland kuwa sun rabu biyu, wasu a babban ɗakin karatu na ƙasa a Edinbara, wasu a Stafford ta Ingila, albarkacin auren 1785.

Mafi yawan tsofaffin da Latin aka rubuta su. Ka lura da kwanan wata: kafin 1600 sabuwar shekara a Sikotlan tana farawa ne ranar 25 ga Maris, Ingila kuma ba ta bar wannan lissafi ba sai 1752. Takardar Sikotlan mai ɗauke da Fabrairu 1514, a lissafin yau Fabrairu 1515 ce. Matan Sikotlan kuma ba sa ajiye sunan gidan ubansu a takardun shari'a bayan aure, abin da ke sauƙaƙa gane daga ina kowace ta fito. Magaji mai jiran gado yana da nasa laƙabin; a wannan gida Lord Strathnaver ake ce masa, kada ka ƙirga shi a matsayin sarauta ta daban.

Mataki na shida: duba ko an taɓa yin shari'a

Idan an yi, ka huta, don lauyoyi sun riga sun tono duk abin da za a tono. Bayan rasuwar 1766 mutum biyu suka ja da marainiyar. Wani Sir Robert Gordon na Gordonstoun, ba marubucin tarihin nan ba, ya ce Adam Gordon sabon naɗi aka yi masa, don haka sarautar ta mazan Gordon ce. George Sutherland na Forse ya ce shi ne namijin da ya rage daga tsatson farko. Lord Hailes, wani alƙalin Sikotlan, ya tattara hujjojin ɓangaren yarinyar, ya nuna cewa Elizabeth ta 1514 da ƙafarta ta hau, mijinta albarkacinta ya ci. A 1771 majalisar dattawan Birtaniya ta ba yarinyar gaskiya. Wannan hukunci shi ya yi aiki a 1963.

Shari'a ma takan ƙara dagula lissafi. A 1875 majalisar ta ba Earl na Kellie sarautar Mar bisa cewa naɗin 1565 ne, sannan a 1885 aka yi doka ta musamman aka maido da tsohuwar Mar ga wani magajin. Har yau Earl na Mar iri biyu ne. Ka kuma duba 1715 da 1745, shekarun tawayen magoya bayan gidan Stuart, don an ƙwace sarautu da dama a lokacin, wasu aka maido da su daga baya.

Mataki na bakwai: haɗa da ƙasa da talakawanta

Jerin sunaye kaɗai ba ya zama tarihi. Marainiyar da ta ci shari'ar 1771 ita ce wadda a zamaninta aka tashi dubban manoma daga kwaruruka irin Strathnaver don a saki tumaki, aka tura su bakin teku, wasu suka haye Kanada. Wakilinta Patrick Sellar ya gurfana a kotun Inverness a 1816 kan ƙone-ƙonen gidaje da kisa, aka sallame shi. Gunkin mijinta yana nan tsaye a kan tsaunin Ben Bhraggie, kuma har yanzu akwai masu neman a sauke shi.

Jikokin waɗancan manoma da yawa Sutherland suke amsawa, don talakawan yanki sukan ɗauki sunan shugabansu. Idan wani yana son ya gwada ko ya haɗa jini da gidan, daga kansa zai fara ya yi baya. Shafin ScotlandsPeople yana da rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati tun 1855, da littattafan coci da suka girme ta. Sai kowane haɗi tsakanin ɗa da uba ya samu takardarsa kafin a matsa zuwa na gaba. Mai neman a tabbatar masa da tambarin gida kuwa kotun Lord Lyon a Edinbara zai kai takardunsa. Tana riƙe da rajistar tambura tun 1672, kuma a dokar Sikotlan tambari na mutum ɗaya ne, sauran masu sunan ba su da ikon amfani da shi sai an yi musu rajistar nasu da ɗan bambanci.