Darasi na 7: Me Ya Sa Ƙullun Masa Ke Saurin Tashi da Bazara?

Duk mai sana'ar masa a Bauchi ta san wannan. Ƙullun da ta kwaɓa a watan Afrilu, nan da nan ya tashi ya cika roba. A watan Janairu kuwa, da hunturu, sai ta lulluɓe shi ta ajiye kusa da murhu. Shinkafar ɗaya ce, yis ɗin ma ɗaya ne. Zafi ne ya bambanta.

Ga dalili. Kowane abu an yi shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Kafin abu biyu su haɗu su zama wani sabon abu, sai ƙwayoyinsu sun yi karo da juna, karo mai ƙarfi. Ka tuna kasuwar Wunti ranar jajiberin salla: mutane sun yi yawa, kowa na sauri, dole kafaɗa ta riƙa bugun kafaɗa. Zafi shi ke sa ƙwayoyin sauri. A sauye-sauye da yawa, ƙarin digiri 10 na zafi kan ninka saurin aikin kusan sau biyu. Shi ya sa magini ke ganin simintin Ashaka ya kama da wuri idan ya kwaɓa shi da rana tsaka.

Amma a kula. Yis abu ne mai rai, ruwan da ya kai digiri 60 kashe shi yake yi. Ruwan ɗumi ake so, ba tafasasshe ba. Nan ne sababbin shiga sana'a ke yin asarar ƙullu, abin kuwa da ban tausayi, domin jarin ba yawa gare shi ba.

Girman abu ma na da nasa tasirin. Gungumen ice yini yake yana ci, amma in an faskara shi sai ya ƙone da wuri, don iska ta samu wurin taɓawa ta ko'ina. Maƙeri kuma da zuga-zugi yake tura wa gawayi ƙarin iska. Kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa oksijin ce, ita wuta ke ci. In ta yawaita, garwashi ya yi jawur.

Akwai kuma abin da ke hanzarta aiki ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Ganyen gwanda na ɗauke da irin wannan sinadari, shi ya sa naman da aka naɗe a cikinsa ke yin laushi.

Wani lokaci jinkiri ake nema. Maganin asibiti na saurin lalacewa a zafi, don haka kada a bar shi a bakin taga ko cikin mota. Nono ma a inuwa mai sanyi ya fi daɗewa.

Aikin gida: Ka samo kanwa, ka raba ta gida biyu daidai. Ɗaya ka bar ta dunƙule, ɗaya ka daka. Ka matse lemun tsami daidai wa daida a kofi biyu, ka zuba kowace a nata. Wace ce ta fi saurin yin kumfa? Ka rubuta abin da ka gani a jimla uku, ka kawo aji a karanta.