Yadda ake shigar da hatiman maginan tukwanen Romawa cikin kundin kwamfuta

Duk wanda ya taɓa riƙe tsingaron jan kwanon Romawa a tafin hannunsa ya san yadda yake ɗaukar ido. Ja ne jawur, ga santsi ga sheƙi, kuma sau da yawa a tsakiyar cikinsa akwai ɗan hatimi da bai fi gaɓar yatsa ba, ɗauke da sunan mai masana'antar da ta gina shi. Masana na kiran wannan kaya terra sigillata. An fara yin sa a Arezzo ta Italiya wajen shekara ta 30 kafin miladiyya, daga baya sana'ar ta bunƙasa a La Graufesenque da Lezoux a Faransa ta yau, sai Rheinzabern da Trier a Jamus. Mai haƙar kayan tarihi yana son hatimin nan ne saboda yakan faɗa masa shekarun da aka zauna a wuri, wani lokaci da kuskuren da bai wuce shekara 20 ko 30 ba. Amma sai an shigar da shi kundi yadda ya kamata.

Fara da wanka da lamba. A wanke tsingaron da ruwa da buroshi mai laushi, kada a dirje, don jan fentin yakan ɓare ya tafi da rabin harafi. Idan ya bushe, ba shi lambar da babu mai irinta, ka rubuta wurin da aka haƙo shi da rukunin ƙasar da ya fito, wato a wane hawa na ramin haƙa aka same shi. Tsingaron da aka manta rukuninsa ya rasa rabin amfaninsa tun kafin a buɗe kwamfuta.

Na biyu, ɗauki hoto. Kashe fitilar sama, ka haska tocila daga gefe, kusan a kwance, yadda inuwa za ta faɗa cikin ramukan haruffa. Ajiye ma'aunin milimita kusa da hatimin. Daga nan ka yi abin da tsofaffin masana suka daɗe suna yi: ɗora siririyar takarda a kai, ka danne ta da babban yatsa, ka dangwali garin bakin fensir da ɗan yatsa kana murzawa a hankali. Za ka ga haruffan suna tasowa baƙi-baƙi ɗaya bayan ɗaya, har da tsagar da ido bai lura da ita ba. Ni dai ban ga hoton da ya maye gurbin wannan takarda ba, domin tana ba ka ainihin girman hatimin. Sa ta a na'urar sikana ba tare da ƙara girma ko ragewa ba.

Na uku, buɗe gurbi biyu na karatu, kada ka taɓa haɗa su. A na farko rubuta abin da idonka ya gani kawai, misali OF MOM. A na biyu ka sa fassararka: Mommo, magini a La Graufesenque. OF na nufin masana'antar wane, F ko FEC na nufin wane ne ya yi, M ko MA kuma da hannun wane. Kula da haruffan da aka liƙa da juna, da II da ke tsayawa a matsayin E, da A marar sanda a tsakiya, da sunan da ya fito a juye daga dama zuwa hagu. Inda tsingaron ya karye sa baka mai kusurwa, wato [ ], harafin da kake shakka kuma ka ɗiga masa ɗigo a ƙasa. Na taɓa aiki da wani kundi da mai shi ya riƙa cike sunaye da ka, ya ga haruffa uku ya rubuta bakwai. Sai da muka koma kwalaye muka sake zaro tsingaro ɗaya bayan ɗaya, aikin mako biyu ya ci wata uku.

Siffar kwanon ma ta shiga. Tun 1895 Hans Dragendorff ya ba siffofin lambobi, har yau da su ake aiki: 27 da 33 kofuna ne, 18 faranti, 29 da 37 manyan kwanuka masu ado. Rubuta fasalin hatimin kansa, mai kusurwa huɗu ne ko mai kamar tafin ƙafa, wanda ya yaɗu a Italiya daga wajen shekara ta 15 miladiyya.

Yanzu ga inda aikin yake da gaske. Suna kaɗai ba ya isa, domin magina da yawa sun yi tarayya a suna. Akwai Vitalis a La Graufesenque, akwai wani Vitalis a Les Martres-de-Veyre, ba zamaninsu ɗaya ba. Cn. Ateius kuwa yana da masana'antu a Arezzo da Pisa da Lyon, duka suna buga sunansa. Abin da kake nema shi ne ainihin abin bugawar da aka danna a ɗanyen yumɓu. Magini ɗaya kan mallaki da dama, kowanne da tazarar haruffansa da lahaninsa. Brian Hartley da Brenda Dickinson sun tsara wannan a littafinsu mai juzu'i 9, Names on Terra Sigillata, da ya fito tsakanin 2008 da 2012, mai ɗauke da magina wajen 5,000. Sun bambanta masu suna ɗaya da ƙananan lambobin Romawa, kamar Vitalis ii, suka ba kowane abin bugawa alama irin 1a ko 2b. Idan ya ɓalle aka ci gaba da aiki da shi, sai a ƙara masa ɗan waƙafi a sama. Bayanan suna nan a intanet, a rumbun cibiyar binciken kayan tarihi ta Mainz da yanzu ake kira LEIZA. Kayan Italiya kuma a nemi kundin Oxé da Comfort na 1968, wanda Philip Kenrick ya sabunta a 2000. Ɗora takardarka kan hoton hatimin da ke cikin waɗannan littattafai, ka gwada tsawo da faɗi da karkatar kowane harafi. In ba su hau juna daidai ba, rubuta "ba a tantance ba" ka wuce. Gurbin da aka bari fanko wani zai cike shi gobe, amma wanda aka cike da zato zai yi ta ɓatar da masu zuwa.

Sai shekaru. Ana samo su ne daga wuraren da aka san ranar ƙarshensu: sansanin sojan Roma na Haltern a Jamus da aka bari a shekara ta 9 miladiyya, shagunan tukwane na Colchester a Ingila da suka ƙone a tawayen da sarauniya Boudica ta yi wa Romawa a 60 ko 61, da akwatin kwanuka 90 na kudancin Faransa da aka tarar a garin Pompeii na Italiya ba a ko kwance shi ba lokacin da dutsen Vesuvius ya yi aman wuta a 79. Shekarar farko da ta ƙarshe kowacce da gurbinta, da alkaluma zalla, sannan gurbi na uku ya faɗi inda ka samo su.

A ƙarshe, tsayar da rubutu ɗaya ga kowane sunan gari da na magini, kada Lezoux ta fito kala uku kwamfuta ta ɗauka garuruwa uku ne. Sunan kowane hoto ya zama lambar tsingaronsa. Fitar da kundin a tsarin CSV wanda kowace manhaja ke buɗewa, ka ajiye kwafi a wuri biyu daban, takardun gogen fensir kuma su shiga ambulan mai lamba a ɗakin da babu laima.