Yadda ake neman gidan gwamnati a Abuja, da abin yi da kuɗin haya kafin gidan ya fito

Jama'a assalamu alaikum. Wannan maganar ta daɗe tana ci mini rai, saboda kusan duk sati sai wani ya tare ni a masallaci ko wajen aiki yace wai yaya ake samun gidan gwamnati, ko ance ana rabon gidaje a Karsana a taimaka a saka sunansa. To bari in faɗi gaskia tun daga farko, ba rabo ake yi ba, saye ne. Bambancin kawai shine ana baka lokaci mai tsawo ka biya kaɗan kaɗan, kuma ƙofar shiga ga yawancin mu tana cikin albashin mu tun tuni bamu kula ba.

Ɗauko takardar albashinka ta watan jiya ka duba wajen abubuwan da ake cirewa. Zaka ga NHF. Wannan shine asusun gidaje na ƙasa, dokar 1992 ce ta kafa shi, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi duk wata a tura wa bankin bada lamunin gidaje na tarayya wato FMBN. Mutum zai yi shekara goma sha ana yankar masa wannan kuɗin amma ka tambaye shi lambarsa ta NHF sai yayi shiru, wallahi abin yana bani tausayi, don ba tare da lambar nan ba babu inda zaka je. Saboda haka abu na farko kaje wajen masu kula da albashi a ofishinku kace su baka lambarka, in basu da ita ka tafi FMBN da kanka, hedikwatarsu tana nan tsakiyar gari. Kana iya danna *219# a layin da aka yi maka rajista dashi ka ga abin da ya taru.

Kuma don Allah ka duba ɗin, kar kace ai ana cirewa shikenan. Cirewa daban, turawa daban. Ni na taɓa aiki a wani kamfani kusan shekara uku ana cire mini duk wata, ranar da na tashi neman lamuni aka buɗe sai ga wata bakwai kacal a ciki, sauran ba'a tura ba, sai da na yi ta zarya ina kwashe tsofaffin takardun albashi ina kai wa kafin aka gyara wani ɓangare. Shiyasa nake ce wa kowa ya tanadi fayil guda ya riƙa ajiye takardar albashin kowane wata, ko a waya ne ka ɗauki hoto.

Wanda ba ma'aikacin gwamnati ba fa? Ɗan kasuwa a Wuse, tela a Kubwa, mai shago a Dei-Dei, duk zasu iya yin rajista da kansu su riƙa zubawa, in dai mutum ɗan Najeriya ne ya kai shekara 18. Ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu kuma tun dokar da aka sa wa hannu a 2023 abin ya zama ganin dama, ba dole ba, kuma na ga da yawa sun yi murna sun fita. Ni a ganina in kana da niyyar mallakar gida a garin nan kar ka fita, mai albashin dubu 150 abin da ake cire masa 3,750 ne, kuɗin motar kwana nawa ne daga Mararraba? Kuma ba ɓacewa yake ba, in ka kai shekara 60 ko ka cika shekara 35 a aiki ana maido maka da abinka.

Sai ka zuba aƙalla wata shida a jere sannan ka cancanci neman lamuni. Kuɗin ruwansa kashi 6 ne a shekara, ana iya biya har tsawon shekara 30, da can iyakarsa miliyan 15 ne yanzu an ɗaga zuwa miliyan 50. Amma nan ne mutane ke ruɗuwa, suna jin miliyan 50 sai rai ya tashi. Ba'a yarda abin da zaka riƙa biya a wata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu ba. Mu yi lissafi, mai dubu 150 iyakarsa dubu 50 a wata, dubu 50 ɗin nan a shekara 30 bashin da zata ɗauka bai wuce miliyan 8 da ɗan ɗoriya ba, in shekara 20 ce kusan miliyan 7. Wanda zai ci miliyan 50 sai ya riƙa biyan kusan dubu 300 duk wata, kenan albashinsa ya doshi dubu 900. Sannan shekarunka ma ana dubawa, don ana so ka gama biya kafin ritaya, mai shekara 45 ba zai samu shekara 30 ba. Wannan ne yasa nake matsa wa ƙannenmu da suka fara aiki yanzu, ku ne abin yafi yi wa daɗi, ku fara tun kuna da ƙuruciya.

FMBN ba kasafai yake miƙa maka lamunin gida hannu da hannu ba, ta bankin lamunin gidaje mai lasisi ake bi, sai ka buɗe asusu a ɗaya daga cikin waɗanda ya amince dasu, su haɗa takardunka su tura. Abin da zaka tanada: NIN da BVN, takardar albashi ta wata uku na baya, takardar ɗaukar aiki, shaidar biyan haraji, bayanin asusun banki, hoton fasfo, sai takardar tayin gidan da kake son saye da takardun mallakarsa. Abu ɗaya da ke maƙale fayil ɗin mutane da yawa shine suna. A NIN kai Muhammad ne, a BVN Mohammed, a wajen aiki kuma an sa sunan garinku a ƙarshe, ranar haihuwa ma ta bambanta. Ka gyara wannan tun yanzu kafin ka fara, don in fayil ya shiga aka dawo dashi ka koma baya da watanni.

To ina gidajen suke? Akwai hukumar gidaje ta tarayya, FHA, wadda aka kafa 1973, ita ta gina Gwarinpa da rukunin gidajen Lugbe, kuma tana da na Zuba. Akwai ma'aikatar gidaje da ke Mabushi mai shirin Renewed Hope, a Fabrairun 2024 shugaba Tinubu ya aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana, kuma ma'aikatar tana da shafinta na intanet inda zaka yi rajista da kanka ka ga gidajen da ke akwai ka zaɓi yadda zaka biya, kuɗi hannu ko kashi kashi ko ta lamuni. Ka tabbata adireshin shafin ya ƙare da gov.ng. Sai dai in gaya maka gaskia gidajen cikin Abuja tsadarsu tafi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, irin waɗanda aka gina a jihohi sun fi sauƙi, kuma babu laifi mutum yana aiki a Abuja ya nemi nasa a jiharsu ko a gefen Nasarawa da Neja. Da hanau gara mannau.

Tsarin da nafi ba mai ƙaramin ƙarfi shawara shine na haya har ka mallaka, shima na FMBN ne. Zaka shiga gidan a matsayin ɗan haya, abin da kake biya duk wata ko duk shekara yana tafiya cikin kuɗin gidan, ranar da ka gama ya zama naka. Kuɗin da kake miƙa wa mai gida a Nyanya duk shekara ya tafi kenan, wannan kuwa yana taruwa. Masu gudun kuɗin ruwa, kuma na san muna da yawa, akwai nau'in da aka gina kan ijara, ka ambace shi da bakinka in kaje, ka karɓi takardar sharuɗɗan ka kai wa malamin da ka yarda dashi ya duba maka kafin ka sa hannu.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana da ƙarin ƙofa, hukumar bada lamunin gidaje ga ma'aikatan tarayya, nata kuɗin ruwan kashi 3 ne, ta ofishinku ake cike fom ɗin. In kuma kuɗin kafin alƙalami ne ya tsaya maka, wato kason kuɗin gidan da zaka fara biya daga aljihunka kafin a baka lamuni, tun 2022 hukumar fansho PenCom ta yarda mutum ya ciri har kashi 25 na abin da ke asusun fanshonsa ya biya wannan kason, in ya yi wata 60 ana zuba masa. Ka yi tunani sosai dai, guzurin tsufanka kake taɓawa.

Yanzu maganar ɓarayi, don Abuja cike take dasu. Duk wanda yace maka yana da hanya a ciki, ka turo dubu hamsin a asusunsa ya saka sunanka a jerin waɗanda za'a ba, ka gudu. Kuɗin gwamnati ba'a biyan sa a asusun mutum, ta hanyar biyan kuɗin gwamnati irin su Remita ake biya a baka rasit. Wata baiwar Allah makwabciyarmu bazawara da 'ya'ya huɗu haka aka karɓe mata kuɗin adashinta aka bata takarda harda hatimi, ta je wajen ta tarar da fili ne fetal da ciyawa, har yau in na tuna kukanta raina ɓaci yake. Kafin ka biya ko sisi kaje da ƙafarka ka ga gidan, in na kamfani ne ko fili ne a cikin birnin tarayya a kai lambar takardar ofishin AGIS, masu ajiye bayanan filayen Abuja, a bincika ko sunan wa take, kuma ka biya lauya ya karanta maka yarjejeniyar, kuɗinsa bai kai abin da zaka rasa ba.

Kafin duk wannan ya nuna kuwa haya bata jira, kuma lamunin nan yana ɗaukar watanni, wani lokaci ya haura shekara, don haka kar ka saki gidan da kake ciki sai makulli ya shigo hannunka. Abin da yafi saurin ceto mutum a kuɗin haya shine ƙungiyar adashin gata ta wajen aiki, ka shiga ka riƙa zubi ko dubu goma ne, lokacin biya su ranta maka a cire a hankali. Wasu ma'aikatun ma suna bada kuɗin gida na shekara a dunƙule in ka rubuta ka nema. Sannan sabuwar dokar haraji da ta fara aiki 1 ga Janairun 2026 ta kawo rangwamen haya, ana cire kashi 20 na hayar da ka biya a shekara daga kuɗin da za'a ɗora wa haraji, iyakarsa dubu 500. Mai biyan miliyan ɗaya da rabi za'a cire masa dubu 300 daga abin da ake lissafa wa haraji. Ba kuɗi za'a tura maka ba, harajin ne zai ragu, kuma sai ka bayyana hayar da hujja, saboda haka ka daina biyan mai gida ko dillali ba rasit, ka biya ta banki ka karɓi yarjejeniya a rubuce ka kai wa masu albashi.

In kuma abin ya cije mai gida yace ka tashi, ka sani a birnin tarayya mai biyan shekara shekara notis ɗin wata shida ne haƙƙinsa, mai biyan wata wata kuma wata ɗaya, sai dai in yarjejeniyar da kuka sa wa hannu ta faɗi wani abu daban, bayan nan akwai na kwana bakwai, sannan kotu ce kaɗai zata fitar da kai. Cire rufi ko watso kaya waje ba doka bace. Amma 'yan Mararraba da Masaka ku dokar Nasarawa ce a kanku, 'yan Suleja da Madalla ta Neja, can zaku kai ƙara ba Abuja ba. Ni dai kullum shawarata kar ka bari sai ranar ta zo, wata biyu kafin haya ta ƙare ka je ka samu mai gidan ka ce Alhaji ga halin da nake ciki, ga rabi zan bayar, sauran a raba mini kashi uku, ku rubuta ku sa hannu da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa.