Yadda ake shuka bishiyar Cassia fistula a Zariya

Masu yawan tambayata kan bishiyar nan 'yar asalin Indiya, ga matakan:

1. Fara gane ta: furenta rawaya ne mai reto kamar na marga, kwanson 'ya'yanta dogo, baƙi-baƙi kamar sanda.
2. Fasa busasshen kwanso ka ciro irin.
3. Kankare bawon kowane iri da samfefa. A nan ake kuskure: bawon tauri gare shi, in ba a kankare ba sai ya daɗe bai tsiro ba.
4. Jiƙa shi awa 24.
5. Shuka a leda mai ƙasa, yashi da taki.
6. Dasa a watan Yuni, inda rana ke bugawa kuma ruwa ba ya kwanciya.
7. Kewaye ta da ƙaya, ka san halin awakinmu.
8. In ta kaɗe ganye da rani, kada ka sare ta, fure ne ke tafe.